Faifan Caji

"Kai ne?" ta ce.

Tsohon mijinta ne zaune a gadon ɗakin gwaji, rigarsa a naɗe, da sabon ɗinki a ƙugunsa. Likita ya dasa masa na'urar rage ciwon baya, irin wadda ke jikinta shekara bakwai. Aikinta a asibitin koya wa marasa lafiya yadda ake cajinta. Faifai ake ɗorawa a kan fata, wuta ta ratsa ba tare da waya ba.

"Masoyiyata..."

"Malam, juya bayanka!"

Ya juya. Wuri ne da ido ba ya kaiwa, kuma in faifan ya goce da faɗin yatsa, batir ba zai sha wuta ba. Sai wani ya riƙe maka, awa guda cur. Wannan awar ce ta gagare shi a aurensu. Yana riƙewa yana tsaki, ƙannensa suna kiranta Anti Tocila don ana cajinta, shi yana dariya. Ranar da batirinta ya mutu tana rarrafe a tsakar ɗaki, ƙetare ta ya yi ya tafi kallon ƙwallo. Wanda ya ƙetare matarsa a ƙasa, ai ya shuka, girbi kawai yake jira.

Ta danna masa faifan, 'yar fitilar da ke jikin faifan ta yi kore, alamar caji ya kama. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Wallahi hannunki daban ne... Ki dawo, ko don 'yarmu. Gidan ba kowa, wa zai riƙe min?"

Har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Au! Hannu kake nema ashe, ba mata ba?"

Ta ɗage faifan, ta danƙa masa.

"Ɗora da kanka."

Ya lalubo, fitilar ta yi ja.

"Sake!"

Ja. Gumi ya keto masa.

"Don Allah, Maman yarinya..."

"Sake! Ni wata uku na yi ina koyo da madubi, ina kuka."

A karo na tara fitilar ta yi kore. Ya ɗago da hawaye, yana jiran ta ce wani abu.

"Ka iya," ta ce. "Ba ka da sauran buƙata a wurina."

Ta fita baranda, ta yi kukanta har ya ishe ta, ta wanke fuska, sannan ta kira na gaba.