Makaɗan da Suka Koyi Ɓata Kiɗa

A wani gari can da, akwai makaɗa uku da ba su taɓa yin kuskure ba. Ran nan wata tsohuwa ta zo ta ce, "Jikata tana kwance, kwana bakwai ba ta yi dariya ba. Ku zo ku ɓata kiɗa a gabanta."

Suka gwada, kiɗa ya fito daidai. Suka sake gwadawa, ya fito daidai.

Sai mai goge, babbansu, ya ce, "Kunya ce ke riƙe mu. Ni zan fara." Ya ja goge, ya yi kukan akuya. Kalangu ya kama tari, algaita ta yi atishawa.

Yarinya ta tuntsire da dariya har ta tashi zaune, ta ce, "Kaka, akwai sauran kunu?"