Motar da Ta Rabu Gida Biyu

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Lahadi aka bugo wa Sufeto Abzal Temirbek waya, yana tsaye a layin masu sayen nama. Saje Dinara ce. Ta ce mota ta yi hatsari a filin tseren da ke bayan Almaty, mutum ɗaya ya mutu.

"To ni me ya haɗa ni da hatsari? A kira 'yan kula da hanya mana."

"Su suka ce a kira ka, Yallaɓai. Sun ce sai ka ga motar da idonka."

Da ya isa an riga an ɗauke gawar. Samari sun kashe injinansu sun yi cirko-cirko a bakin shinge, iska mai sanyi tana saukowa daga duwatsu. A kwana ta uku ta hanyar tseren, gaban wata baƙar mota 'yar Jamus ya cusa hanci cikin shingen tayoyi. Bayanta, da but da tayoyin baya, yana can gefe kamar taku talatin.

Mamacin sunansa Sanjar Ospan, shekararsa talatin da ɗaya, mai haɗa magunguna a wani kemis. Sati biyu ke nan da ya sayi motar.

"Gudu ya yi da yawa?" Sufeto ya tambayi manajan filin.

"Ina fa. Zagayensa na huɗu ke nan, a hankali ma yake bi. Ya shiga kwanar, bayanta ya ɗan zame yadda motocin da tayoyin baya ke turawa suke yi, ya bugi shinge da gefe. Irin wannan bugun, bamba ake canjawa a koma gida a ci abinci. Mu dai kawai sai muka ga ta rabu."

Abzal ya tsuguna. Tsagar ta tafi sambal daga wannan ƙofa zuwa waccan, daidai bayan kujerar direba, kamar an ja ta da rula. Ya sa makullinsa ya kankare baƙin danƙon da aka shafe ƙarƙashin motar da shi. Walda ce a ƙasa, jere reras kamar ɓawon kifi. Ya taka zuwa ɗaya ɓarin, ya ɗaga kafet ɗin but. Fentin da ke ciki shuɗi ne.

"Mota biyu ce," ya ce da Dinara. "An yanko gaban wata, an yanko bayan wata, an ɗinke. Ɗauki lambar shasi ki binciko min tarihinta."

Sai ranar Laraba, bayan an yi jana'iza, ya je wajen matar mamacin. Sunanta Togjan, malamar firamare ce. Ta zauna a kicin da farin kallabi, ba ta kuka, ta zuba masa shayi da madara.

"Wata uku ba a yi wata hira a gidan nan ba sai ta mota," in ji ta. "Wadda za ta kai shi aiki Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi ta shiga fili. Dole wadda tayoyin baya ke turawa, dole giyar hannu, dole fulogi shida. Har ni na haddace. Na ce masa, Sanjar, ka sayi irin ta mutane mana. Ya ce ba gaggawa zai yi ba, ba zai sayi komai ba sai Kuat-aga ya sa hannu."

"Wane ne Kuat-aga?"

"Aga ɗin girmamawa ce, kamar a ce babban yaya. Bakanike ne, aminin marigayi babansa. Shi ya koya masa tuƙi. Ranar aurenmu shi ya tsaya a matsayin uba."

Ta tashi ta ɗauko wani ƙaramin littafi ta ajiye a gabansa. Sanjar ya rubuta duk motar da suka duba, da rana, da abin da ya hana shi saye. Ta farko, tsatsa ta cinye ƙasanta. Ta uku, an juya mata mita. Ta biyar, hayaƙi shuɗi in an taka. Ta shida, giyarta tana gurnani, Aga ya ce wani ya riga ya gama wahalar da ita a fili. Kowacce sai da aka kai ta gareji aka ɗaga ta sama, Aga ya shiga ƙarƙashi da tocila.

Ta tara ita ce baƙar. Layi biyu kawai aka rubuta. Aga ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce ba laifi. Ya ce ba sai an ɗaga ta ba.

Abzal ya dubi ranar, ya juya shafin baya ya dubi ranar ta takwas. Ya roƙi aron littafin.

Garejin Kuat yana bayan layin dogo. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, ya haura sittin, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. Idanunsa sun yi ja. Ya turo wa Sufeto kujera da ƙafa.

"A hannuna yaron nan ya girma," in ji shi. "Ku kamo min wanda ya sayar masa."

"Za mu je gare shi. Yaushe ka fara ganin motar, Aga?"

"Ranar da muka je kasuwa. A nan na fara ganinta."

"Ka duba ta?"

"Na auna fenti, na saurari inji, na zaga da ita. Lafiya lau take tafiya."

"Amma ba ka ɗaga ta ba."

"Abin ɗaga motar ya lalace a satin nan. Ga kuma ido ya fara tafiya, ɗana. Tsufa ne."

Abzal ya gyaɗa kai. A littafin da ke aljihunsa, mota ta takwas da ta tara rana ɗaya aka duba su, kuma da safiyar ranar aka ɗaga ta takwas a wannan garejin. Ya miƙe, ya tsaya a gaban wani salansa da aka ɗaure a kan teburin aiki, ya shafa ɗinkin da yatsa.

"Aikinka ne wannan? Ya yi kyau."

Dattijon ya ɗan ɗago kai, karo na farko. "Shekara arba'in ina riƙe da wuta. A garin nan babu mai jera walda haka."

Ranar Juma'a da hantsi Dinara ta ajiye masa fayil a kan tebur. Ya karanta a tsaye, ya ɗauki hularsa, suka nufi kasuwar motoci.

Dillalin sunansa Jandos, wani siriri mai jaket ɗin fata da haƙorin zinare. Yana ganin katin shaida ya fara rantsuwa.

"Daga Jojiya ta zo a kan tirela, Yallaɓai, ɗungurungum ɗinta. Wani tsohon likita ne yake hawanta zuwa coci. Ni abin da na saya shi na sayar."

"Tsohon likitan nan, shi ne tifa ta daka ta baya a hanyar Tashkent bara?"

Jandos ya juya ya dubi Dinara.

Dinara ta buɗe fayil ɗin a kan bonet ɗin wata mota. Ga hoton baƙar motar, bayanta ya shige har kujerar baya. Ga takardar kamfanin inshora da ta ce ba ta gyaruwa. Ga rasit ɗin mai janwe, da adireshin inda ya sauke ta, bayan layin dogo.

"Mutum ya mutu," in ji Sufeto. "Sunanka ne a takardar ciniki. In ka fi so ka ɗauka kai kaɗai, ni ba ni da matsala, takardata ma ta fi gajarta."

"Ni baki kawai nake sawa," Jandos ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kuat ne yake haɗawa, ni in tsaya da ita a layi. Ranar da na hango shi tafe da yaron, na ɗauka zai ja shi wani layin. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi. Ya ce masa launinta bai yi ba, ya ce ta yi tsada. Amma yaron ya riga ya zauna a ciki ya ji kukan injin. Ya ce, Aga, faɗa min aibinta guda ɗaya in haƙura. Ina tsaye a nan. Tsohon ya dube ni, ya dubi motar, ya ce ba ta da aibi."

Asabar ce sadakar bakwai. An kafa rumfa a tsakar gidan iyayen Sanjar, an yanka doki bisa al'adar ƙasar, mata suna ta kai da kawo da farantai. Abzal ya zauna cikin maza har liman ya gama karatu aka shafa. Kuat yana can kan tebur na sama, shi aka ba wuƙa yana rarraba nama, kamar yadda ake ba uban gida.

Da mutane suka fara wanke hannu, Sufeto ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Aga, mu ɗan fita waje."

Dattijon ya goge wuƙar, ya ajiye ta a gefen faranti, ya biyo shi. A bakin ƙofa Dinara tana jingine da motar ofis.

Abzal ya miƙa masa rasit ɗin mai janwe. Ya buɗe masa littafin Sanjar a shafi na takwas da na tara. Kuat ya karanta ba tare da tabarau ba.

"Jandos ya yi magana," in ji Sufeto. "Saura kai."

Daga cikin gida ana jin ƙarar kwanuka.

"Ɗinkina bai taɓa ɓallewa ba," Kuat ya ce. "Ko sau ɗaya."

"Ya ɓalle ranar Lahadi."

"Don titi na yi ta. Don mai zuwa ofis ya dawo. Ban yi ta don fili ba." Ya ninke rasit ɗin. "Na ce masa kada ya shiga da ita sai na sa mata kejin ƙarfe a ciki. Da kejin ya riƙe ta, da ba wanda zai taɓa sani. Na auna, na yanka bututun, suna nan a gareji. Na ce ya ba ni sati uku. Ya ce to, Aga. Bai taɓa saɓa min ba sai ran nan."

"Kalma ɗaya ta ishe shi a kasuwa. Ka ce masa haɗi ce."

"Sai ya ce yaya aka yi na sani? An shafe ta, an yi fenti, ido ba ya gani sai an ɗaga. In an ɗaga kuma zai gane hannuna, tun yana ɗan shekara goma yake kallon waldata." Ya dubi bayan hannuwansa. "Yadda yake kallona, ko ubansa bai kalla haka ba. Ya ɗauka ni ne mutum ɗaya a garin nan da ba ya cuta. Na kasa."

"Ka gwammace ya hau ta."

Kuat ya mayar wa Sufeto littafin.

"Guda nawa ka haɗa?"

"Da ita sha biyu."

"Sauran sha ɗayan suna ina?"

"Suna kan titi. Akwai wata fara, wata mata ce take kai 'ya'yanta makaranta da ita, ina ganinta a danja wani lokaci."

Abzal ya sa littafin a aljihu. Ya juya ya dubi Dinara. "Yau zai rubuta mana su duka, da launi da shekara, kafin ya zauna." Sannan ya ce, "Kuat Nurgali, na kama ka bisa zargin jawo mutuwar Sanjar Ospan da kuma damfara."

Dattijon ya miƙo hannuwansa da kansa. Dinara ta sa ankwa, ta ja hannun kwat ɗinsa ta rufe ta, ta buɗe ƙofar baya.

Sai ga Togjan ta fito daga gida da sauri, riƙe da leda mai nauyi, nama da soyayyen burodi da alewa, rabon da ake ɗaura wa manyan baƙi su kai gida.

"Aga, za ka tafi ba sallama? Ga na gida, na sa maka wajen haƙarƙarin da kake so."

Ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Sufeto, sannan idonta ya sauka kan hannuwan da ke haɗe wuri ɗaya, inda ƙarfen ya leƙo daga bakin kwat.

"Wanda ya sayar masa za ku je ku nuna?" ta tambaya a hankali.

Kuat ya sunkuyar da kai ya shiga mota. Dinara ta rufe ƙofar. Da suka kai kwanar layin, Abzal ya duba madubi. Tana nan tsaye a bakin ƙofa, hannunta a miƙe, ledar tana lilo.