Auta Za Ta Kurmi Ita Kaɗai

Da farar rigar aikinta Auta ta shiga ofishin shirya tafiye-tafiyen, ko gida ba ta biya ba daga asibiti. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran waya: tebur biyu, fanka mai ƙugi, da ƙatuwar taswira da ta cinye rabin bango. A ƙarƙashinta wani saurayi ne zaune, ya cika baki da biskit.

"Sannu da aiki," ta ce. "Kurmi nake son zuwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Asabar da Lahadi."

Ya haɗiye da ƙyar, ya jawo biro. "Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

"Ke da wa?"

"Malam, ni da jakata."

Ita ce ƙarama a gidan mutum goma sha ɗaya. A asibiti "Sista, Sista", a gida "Auta, Auta". Tun da ta yi wayo ba ta taɓa shanye kofin shayi ba a aike ta ba. Kwana biyu kawai take nema da ba wanda zai kira ta.

Ta zaro takarda daga aljihu ta shiga karanto masa. Naman masaukin yankan wa ne? Suna girki da giya? Ina alƙibla a ɗakin? Akwai mace mai yi wa baƙi jagora?

"Duk akwai, in sha Allah," ya ce da sauri.

"Ka taɓa zuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban taɓa ba. Ni da kwaɗo ba ma shiri."

Dariya ta kuɓuce mata, ya tsaya kallonta har biron ya faɗi.

"To kar ka ce min akwai," ta ce. "Ka bincika."

Ya kuwa bincika. Washegari saƙo ya shigo:

"Salam Sista. Mai girkin ya ce ba giya a kicin ɗinsa, naman kuma yankan wani mahauci Musulmi ne. Na kira mahaucin ma. Yana gaishe ki."

Bayan kwana biyu:

"Alƙibla tana wajen taga, ki ɗan karkata hagu. Na sa mai sharar ɗakin ta auna da waya sau uku. Ta ce in na sake kira za ta bar aikin."

Auta ta ajiye lambarsa da sunan Mai Taswira. Shi kuma, ba ta san ranar da ya daina ce mata Sista ya koma 'Yar Kurmi ba. Tambayoyin takardarta suka ƙare, amma saƙonni ba su ƙare ba.

A gida kuwa magana ta ƙi. Abba, tsohon hedimasta, bai ko ɗago daga jarida ba.

"Ba inda za ki."

"Daji fa!" in ji Umma. "Me kika rasa a gidan nan da za ki nemo wurin macizai?"

Ranar ma Manaja yana falon, ɗan abokin Abba da ke zuwa neman auren Auta duk Juma'a yana kaɗa makullin mota.

"Ruwa kawai?" ya ce. "Haba Auta. Zan sayo miki talabijin bango guda, ki kalli ruwanki kina zaune, ba sauro."

Ta yi masa murmushin da take yi wa mai gardamar allura.

Ana cikin haka, wata la'asar ta bar wayarta a caji kusa da kujerar Abba. Wayar ta yi haske. Abba ya leƙa, ya sa tabarau, ya karanta sau uku:

"'Yar Kurmi, albishirinki. Na tanadar mana ɗaki mai kallon ruwa."

Ya miƙa wa Auta wayar, ta karanta. Kunyar Abba daban, ciwon da ta ji daban. Ashe kallon da Mai Taswira yake mata ke nan? Ta rantse, ta yi kuka, Abba ya ce kawai, "Ɗauko mayafinki."

Yana haki ya gama hawa benen ofishin. Ya nuna saurayin da sanda.

"Kai ne mai 'mana'?"

"Na'am, Baba?"

Abba ya ɗora masa wayar a tebur. Mai Taswira ya karanta, gumi ya karyo masa duk da fankar.

"Wallahi miki zan rubuta, Baba. Kuskuren yatsa ne."

"Shekara talatin ina gyaran rubutun yara," in ji Abba. "'Miki' ba ya komawa 'mana' da kuskure. Harafi uku ne."

Mai Taswira ya jawo wani fayil mai kauri ya ajiye a gabansa. Takardar masaukin: mutum ɗaya, ɓangaren mata. Lambar jagorar, da ta mijinta. Lokutan salla. Asibiti mafi kusa. Har da shafi guda kan yadda ake cire matsattsaku in ya kama ƙafa.

Abba ya zauna, ya zaro jan biro daga aljihu, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara kalma biyu. Sannan ya dubi saurayin ta saman tabarau.

"Duk wannan aikin ofis ne?"

"Shafi uku na farko aikin ofis ne, Baba." Ya sunkuyar da kai. "Sauran ban san yadda aka yi ba. Ban taɓa nufinta da abin kunya ba. In kun yarda, magabatana nake so in turo."

Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta zuba wa taswira ido kamar mai shirin jarrabawa.

Abba ya kira jagorar, ya yi mata tambayoyi har ta haɗa shi da mijinta. Da ya kashe wayar ya ce, "Za ta je. Ta kira ni bayan kowace salla. Maganarka kuma, sai ta dawo ta faɗa da bakinta."

Ta tafi ba ta kula Mai Taswira ba, don har lokacin ba ta huce ba.

Ruwan sama ya tarbe ta tun daga bakin kurmin. Matsattsaku biyu suka kama ta, ta cire su yadda shafin ya ce. Tana alwala biri ya ɗauke mata takalmi ƙafa ɗaya. Amma da ita da jagorar suka ɓullo gaban magangarar ruwan, ta ga ruwa fari tas yana zubowa daga sama, feshinsa na dukan fuskarta, sai ta kasa cewa komai sai tasbihi. Ta yi azahar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse. Ta sha shayinta har ƙasan kofi.

Sai dai duk abin da ta gani, mutum ɗaya take son ba wa labari. Ranar Lahadi ta ɗauki hoton wani ƙaton kwaɗo ta tura masa.

Minti biyar shiru, sannan:

"Na yi jifa da wayar, yanzu na tsinto ta. Kin huce, 'Yar Kurmina?"

"Na huce. Ka turo magabatan, amma ka karanta abin da za su faɗa sau biyu."

Manaja, da ya ji labarin matsattsakun, da kansa ya janye. Ya ce shi bai iya da mace mai shiga daji ba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da jama'a suka ragu, Auta tana zaune gefen Umma, ta ga Abba ya jawo ango gefe ya rage murya, shi a ganinsa ba mai ji.

"Wurin nan, akwai hawa da yawa?"

"Kaɗan ne, Baba."

"To ka duba mana wata Asabar, ni da Ummanta. Kar ka gaya wa yaran, biyo mu za su yi."

Umma ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Abba ya gyara murya, ya kamo hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan, amana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Auta, hawaye da dariya suna rige-rige a fuskarta.