Idon Matar Daɓe

Sau uku ina dasa idon matar nan, sau uku ina tarar da shi a ƙwaƙule.

Aikina gyaran hotunan daɓe ne, irin waɗanda Rumawa suka jera da ƙananan duwatsu masu launi, a kangon birninsu da ke bayan garinmu a arewacin Tunisiya. A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai hoton wata mata da idonta na hagu ya zube tun kaka da kakanni. Na tsinto baƙaƙen duwatsu a daɓen wani gida na cike gurbin. Gari na wayewa sai in same su a tsibe a bakin ƙofa, an goge su tsaf.

Shugabanmu Si Munsif ya ɗora wa Baba Shadli maigadi laifin. "A sake, ya kwashe komatsansa."

Shekara talatin tsohon nan yana gadin wurin! Abin ya ƙona mini rai.

"Munjiya 'yata, rufe hoton da yashi ki huta," in ji Baba Shadli. "Haka na da suke yi."

"Haba Baba! Zuba yashi na je koyowa a makaranta?"

Ranar Laraba na dasa na huɗu, na laɓe bayan ginshiƙi, na rantse sai na kama ɗan banzan. Aka kira magariba daga gari. Tsuntsaye suka yi tsit. Warin farar ƙasa ya ɗauke, ƙanshin man zaitun mai ƙuna ya cika ɗakin.

Ƙwas.

Kamar farce a kan dutse.

Ƙwas. Ƙwas.

Na haska tocila. Ba kowa. Dutse ɗaya ya ɗago da kansa. Daga ƙasa ake turo shi.

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnena.

"Ba nawa ba ne." Muryar mace, ƙasa-ƙasa. "Ba ni naki."

Wani yatsa ya sauka a fatar idona.

Ban san yadda na haye matakalar ba. Baba Shadli ne ya fizgo ni yana salati, gwiwoyina duk jini.

Da safe aka sake tarar da duwatsun a bakin ƙofa. Na faɗa wa Si Munsif komai, har da rantsuwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce zafin rana ne. Na ce to ni ce mai ƙwaƙulewa, ni za a kora. Ya ce in daina wasan yara.

Ranar Asabar aka sallami Baba Shadli. Ni na riƙe masa butar shayinsa har bakin titi. Ya karɓi butarsa ya tafi, wallahi gara a ce ya zage ni.