Baƙin Mai a Tsohuwar Rijiya

Ana kiran magariba wani bakanike ya gama juye baƙin mai daga injin wata mota a bayan gidansa. Da zafinsa ya tuttule shi cikin tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba.

"Ko bisimilla babu?" in ji mahaifiyarsa. "Da almuru?"

"Inna, rami ne fa," ya ce yana dariya.

Bai idar da sallah ba dutse ya dira kan kwanon ɗaki. Na biyu ya tarwatsa gilashin taga, na uku ya fasa wa tsohuwar goshi. Ya fito a guje. Babu kowa a kan katanga, duwatsun kuwa jiƙe suke, baƙi ƙirin.

'Yarsa budurwa, da ke wanke-wanke a tsakar gida, ta miƙe a hankali. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Ta cafki hannunsa na dama ta murɗe har ƙashi ya ce ƙas, ta maka shi da bango. Sai da maƙwabta huɗu suka danne ta.

Aka ɗauko tsohon malamin da ke ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya ƙone mini ɗa."

Malam ya dubi bakaniken. "Me ka yi?"

"Allah gafarta Malam, ban yi komai ba."

Yarinyar ta fizge, ta gwara kanta da ƙasa, jini ya wanke mata fuska. Nan bakaniken ya durƙusa yana kuka, ya faɗi gaskiya, har da gargaɗin da ya yi wa dariya.

"Idonta zan ɗauka," muryar ta ce.

"Ita ta zuba?" Malam ya daka tsawa. "An zalunce ka, na yarda. Amma kai ma za ka tsaya gaban Allah. Me za ka ce Masa game da ita?"

Muryar ta sassauta, ta ce:

"To ya yashe rijiyar. Shi kaɗai."

Bakaniken ya yi rantsuwa. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Kwana tara yana yasa da hannun hagu, na daman ɗaure a wuya. Ɗorin bai kama daidai ba, bai ƙara riƙe sifana da shi ba. 'Yar ba ta tuna komai. Duk sanda ta tambaye shi abin da ya sami hannunsa, sai ya kalli tabon goshinta ya ce, "Ni na yi."