Tandar da Ta Sha Man Shanu

Can a wani gari an yi wata mai waina wadda ba a gaya mata ta ji. Ran nan ta sayo sabuwar tandar ƙarfe.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta ce, "'Yar nan, shafa mata man gyaɗa kaɗan, ki ɗora a wuta, ki goge. Ki shafa, ki ɗora, ki goge, har ta yi baƙi tana sheƙi."

"Man gyaɗa, Iya? Sai ka ce tandar marasa gata! Tawa man shanu za ta sha."

Ta kwarara man shanu, ta hura wuta. Ƙamshi ya cika unguwa, ita kuwa ta zauna bakin ƙofa tana amsa sannu da aiki. Man ya ƙone, ya zama danƙo.

Washegari ana suna, ita aka ba aikin waina. Ta zuba ƙullu, ya kama. Ta kankare, ta sake zubawa, ya kama. Har rana ta take, ko guda ba ta tashi ba.

Tsohuwa ta leƙo, ta dubi tandar.

"Madalla, 'yar nan. Tanda dai ta ƙoshi. Saura 'yan suna."