Mijin Mai Ciki Ba Ya Walda

"Sati bakwai," in ji Bu Endang, ungozomar asibitin ƙauyenmu, tana goge hannu. "Lastri, kin ji ni kuwa? Ciki gare ki!"

Wayyo daɗi! Lastri ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta fita ba takalmi sai da aka kira ta ta dawo ta ɗauka. Shekara uku fa tana jira, tun ɓarin da ta yi na fari!

Tana fitowa ta zaro waya za ta kira mijinta, Wardi. Har ta danna sunansa... sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, masu babur suna ta yi mata hon.

Ba za ta iya faɗa masa ba.

Ku tsaya ku ji dalili. Wardi yana can garin Cepu, a kwalejin koyon aikin mai da gas, yana koyon waldar bututu. Rabonsa da gida tun hutun Sallah. Saura sati biyar ya yi jarrabawar ƙarshe, in ya ci, matatar mai ta ɗauke shi aiki, ya huta da kamun kifin da ya ci ran babansa. Dokar makarantar kuma ba wasa, ka yi fashin kwana uku an sallame ka, ba a ba mutum gurbi sau biyu.

A wajenmu kuwa ko yaro ya sani, mijin mai ciki ba ya buga ƙusa, ba ya toshe rami, ba ya liƙe abu, don kada hanyar ɗa ta toshe. Satin da Lastri ta yi ɓari, Wardi ya liƙe wata ɓula a jikin kwale-kwale da kwalta. A gaban mutane mahaifiyarsa, Mak Kasminah, ta dube shi ta ce, "Da hannunka ka toshe shi." Wata biyu bawan Allah bai yi dariya ba.

To mutumin da aikinsa daga safe har yamma liƙe bututu ne, a ce masa matarsa na da ciki? Ai ko jakarsa ba zai tsaya ɗauka ba.

Sai Lastri ta mayar da wayar, ta haɗiye labarinta.

Kai, haɗiye farin ciki ya fi haɗiye baƙin ciki wuya, wallahi! Ita ba uwa, ba yaya, 'yan uwanta duk suna wani gari. In ta faɗa wa maƙociya, kafin la'asar zai kai kunnen Mak. Sai ta riƙa zagayawa bayan gida wajen da ake shanya kifi, ta tsugunna gaban kaji tana watsa musu tsaki.

"Kun ji? Ciki gare ni. Ke mai baƙin wuya, kada ki faɗa wa kowa."

Kullum bayan magariba Wardi zai kira, don ba a shiga da waya ɗakin walda.

"Dik, ƙanwata ta kaina, kin ci abinci?"

"Na ci, Mas." Haka muke yi a wajenmu, mata ta ce wa miji Mas, shi ya ce mata Dik.

"Yau malam ya duba ɗinkin waldata ya ce kamar kashin kaza aka jera! Jiya kuwa ya ce kamar na tela. Ranar jarrabawa fa karkata bututun ake yi, ka zagaye shi da wuta, sannan a haska shi kamar yadda ake haska ƙashi a asibiti. Ko rami kamar na allura aka gani, ka faɗi... Dik? Kin yi shiru."

"Ina jin ka."

"Muryarki ta canza. Mak ta yi miki faɗa?"

"A'a. Kewarka ce kawai..."

Sai ya yi dariya, ita kuma ta danne bakinta da hannu don kada maganar ta kuɓuce. In ya kashe, ta daɗe zaune a bakin gado tana kallon rigarsa da ke rataye a ƙofa.

Haka ta yi sati huɗu da 'yan kwanaki. Ita kaɗai take zuwa awo, ta ce kasuwa za ta. Ita kaɗai take yin amai a bayan rijiya, ta zuba ƙasa a kai.

Saura kwana huɗu jarrabawa asiri ya tonu. Mak tana dakan yaji da rana, ta gasa daddawar jatan lande a wuta. Warin na bugun Lastri ta watsar da tiren shinkafa ta yi waje da gudu.

Tana ɗagowa ta ga Mak tsaye a kanta da ɗan dutsen daka a hannu.

"Wata nawa?"

"Mak, cikina ne ya ɓaci..."

"Nduk, 'yar nan, na haifi huɗu na binne biyu. Wata nawa?"

"Ya kusa uku."

"Innalillahi! Wata uku ɗana yana can yana liƙe ƙarfe, ke kina nan kin rufe baki? Na farkon bai ishe ki ba? Ba ni wayar nan!"

Lokacin cin abincin 'yan makarantar ne, bugu ɗaya Wardi ya ɗauka. Mak ba ta ko yi sallama ba.

"Le, ɗana, matarka ciki gare ta. Ka ajiye wutar nan ka hau mota yau."

Nan take Wardi ya hau tambaya. "Da gaske? Dik tana kusa? Allahu Akbar... Wata nawa? Ya Allah, jiya ma bututu shida na rufe! Ga ni nan, Mak, motar yamma zan biyo."

Lastri da ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, sai ga ta ta fizge wayar.

"Mas, kada ka zo."

"Dik, kin san abin da kike faɗa? Kika ɓoye mini? Ni?"

"Na ɓoye! Ka san sau nawa na buɗe baki na rufe? Kaji nake faɗa wa, Mas, kaji! Don ka kai ƙarshe na yi. Saura kwana huɗu ka ce za ka zubar?"

"In wani abu ya faru kuma fa? Ba zan iya sau biyu ba..."

"Bu Endang ta ce lafiyarsa ƙalau, na ji bugun zuciyarsa da kunnena! In ka dawo, teku za ka koma. Ni kuma in riƙa tsayawa bakin ruwa da goyo ina jiran ko za ka fito, kamar yadda Mak ta tsaya jiran babanka. Ba na so! In wani abu ya faru, a ce ni ce. Na ɗauka."

Ta kashe wayar. Mak ta dube ta, ta juya ta shige ɗaki.

Da yamma Lastri ta tafi bakin titi inda motar Cepu ke sauke mutane. Ita kanta ba ta san me take so ba. Rabin zuciyarta na roƙon kada ya sauko, rabin kuma na mutuwar son ganinsa. Mota ta tsaya, mata biyu suka sauko da kwanduna, sai wani tsoho. Ta wuce.

Lastri ta sauke numfashi, sannan ta fashe da kuka. Tana juyowa ta ga Mak tsaye gindin bishiya, ita ma motar take bi da kallo.

Tare suka koma gida. A bakin ƙofa Mak ta miƙo hannu. "Kira mini shi."

Ashe Wardi yana zaune a tasha tun azahar da jaka a cinya, motoci uku sun tashi a gabansa ya kasa shiga, ya kasa komawa.

"Le," in ji Mak, muryarta ƙasa-ƙasa. "Lokacin da nake da cikinka kwale-kwalen babanka ya fashe. In bai liƙe ba, ba mu da abin ci. Kakarka ta koya masa ya nemi izini. Kafin ka kunna wuta ka ce, gafara dai jariri, matsa gefe, babanka zai yi aiki."

"Mak... dama akwai wannan? Me ya sa ba ki taɓa..."

"Don gidan nan ya yi mini faɗi tun da ka tafi." Ta share ido da bakin zani. "Wancan karon ma... zafi ne ya sa na faɗi abin da na faɗa. Ka yafe wa tsohuwa. Koma makarantarka."

Sai ta juyo kan Lastri. "Ke kuma, mai faɗa wa kaji magana ina zaune a gida! Zauna in yanko miki ɗanyen mangwaro."

Jama'a, Wardi ya ci jarrabawa! An haska bututunsa ba a ga ko ɗigo ba! Wai ranar jarrabawa da ya sauke gilashin walda a fuska ya faɗi kalmomin, na kusa da shi ya ji. Kafin a tashi duk ajin na faɗa, har gwauraye. Malamin ya riƙe kai ya ce, "Ku duka ciki gare ku?"

Yarinyar kuwa, don mace ce, ta zo wata safiyar Talata, Bu Endang ko safar hannu ba ta gama sawa ba.

"Kun gani?" in ji Mak tana ɗaga ta sama. "Ya nemi izini!"

"Awo Lastri ta riƙa zuwa a kan lokaci," in ji Bu Endang.

Suna ta musu Wardi ya faɗo ɗakin da kayan aikinsa, daga matatar mai kai tsaye. Ya durƙusa gefen gado, hannuwansa duk tabon tartsatsi, ya kasa taɓa jaririyar.

"Dik, nan gaba duk abin da ya faru, ni za ki fara faɗa wa."

Lastri ta ɗora masa yarinyar a hannu, tana dariya hawaye na zuba.

"To riƙe ta da kyau, Mas. Labarin wata tara nake da shi, kuma daga farko zan faro."